Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jigawa: A Mayar wa Rubutun Hausa Ƙugiyoyinsa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,
Malam Umar Namadi,
Gidan Gwamnati, Dutse.



Mai wannan wasiƙa, ɗaya daga cikin talakawan ƙaramar hukumar 'Yankwashi a masarautar Kazaure, yana neman aron hankalin Gwamna kan wata magana da ba a saba kai ta gidan gwamnati ba. Masu kukan hanya da takin zamani da rijiyar burtsatse suna da yawa, kuma da gaskiyarsu. Shi nasa kukan a kan haruffa huɗu ne: ɓ da ɗ da ƙ da 'y, waɗanda malaman Hausa ke kira haruffa masu ƙugiya ko masu lanƙwasa.

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi ta Ɗambatta ya shiga Kazaure, ya zarce Roni ko Gwiwa ko 'Yankwashi yana karanta allunan bakin hanya, zai ga haruffan nan sun yi ɓatan dabo. Allon aikin kwangila, fastar rigakafi a bangon asibiti, banar taron siyasa, katin ɗaurin aure, kusan duk an aske musu ƙugiya. Ƙaramar hukuma ta koma karamar hukuma. Haɗeja da Ɓaɓura, garuruwa biyu da kowane ɗan Jigawa ya san yadda ake furta sunansu, sun wayi gari da wani suna a rubuce wanda bakin mutanensu bai san shi ba. Ita kuwa 'Yankwashi, alamar da ke gaban sunanta takan faɗi tun kafin takarda ta bar ofis.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, ai kowa ya gane. Babba wanda ya daɗe yana karatu lallai yakan gane, domin yana cike giɓin da abin da ya riga ya sani. Amma yaron aji biyu a firamare, wanda malaminsa ya kwashe mako guda yana nuna masa bambancin fada da faɗa, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, in ya fito ya ga allon hukuma bai damu da bambancin ba, wa zai bi? Haka uwar da ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, take harhaɗa baƙaƙen fastar asibiti ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma mai karatu na uku da ya shigo a wannan zamani, wato na'ura. Ita ba ta cike giɓi. Abin da aka rubuta mata shi take ajiyewa, shi kuma take mayarwa ga duk wanda ya tambaye ta.

Abin takaicin shi ne, wannan matsala an riga an yi maganinta tun kafin a haifi mafi yawan masu mulki na yau. Lokacin da Turawa suka fara rubuta Hausa da boko, kowa da tasa dabarar: wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na sa waƙafi a gabansa. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutunsa a 1912, ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, duk da irin waɗannan alamomi na wucin gadi. A cikin shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East, bayan tuntuɓar masanin harsuna Diedrich Westermann na Berlin, ta tsaya a kan haruffa masu ƙugiya. A wancan zamani kuwa ƙara harafi ɗaya a rubutu ba wasa ba ne. Sai an zana shi, an sassaƙa uwar zubinsa, an narka dalma an zuba shi, babba da ƙarami, a kowane girma da ake bukata, sannan a yi masa gurbi a akwatin mai jera haruffa. Duk da haka aka yi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, su suka zaunar da waɗannan haruffa a idon masu karatu. Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, ɗan wannan ƙasa da ta zama Jigawa, a can Zariya aka buga su, kuma sunan garinsu ya fito da ƙugiyarsa.

Bayan nan aka yi ta zama ana daidaita ƙa'ida: Hukumar Hausa a 1955, taron UNESCO a Bamako a 1966, taron Yamai a 1980 don haɗa kan rubutun Nijeriya da na Nijar. Bambanci ɗaya sananne ya rage, shi ne mutanen Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Inda aka fara samun tangarɗa shi ne keken rubutu. Tafiretocin da suka cika ofisoshin En'e da na gwamnati don Turanci aka ƙera su. Akawu mai kula sai ya gama bugawa ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana ɗora wa kowace b da d da k ƙugiyarta. Wanda aiki ya yi wa yawa sai ya bar su haka. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta nemi magance wannan da jerin haruffa 33 da za su wadatar da manyan harsunan Nijeriya, har aka sa hannun Hermann Zapf, Bajamushen nan da ya yi suna a duniya wajen zanen haruffa. Aikin ya yi kyau, amma kafin ya bazu kwamfuta ta riga ta kunno kai.

Da kwamfuta ta zo, 'yan ƙasa suka yi ta maza. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa na Rabi'at da na Abdalla a shekarun 1990, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka ci moriyarsu sosai. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta amfani da ita a zauna a ciki. A takarda abin yakan fito tsaf. Amma da zarar an kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da zubin, sai asiri ya tonu: ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Wasu kuma suka ɗauki q da x da v a madadin ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa har gobe ake cin karo da kundayen digiri a intanet cike da qasa da xaya da vangare. Ba laifin masu dabarar ba ne, sun yi maganin zamaninsu. Sai dai dubban shafukan da aka rubuta ta wannan hanya suna nan kwance, mai nema ba ya samunsu.

Mai Girma Gwamna zai so ya ji wannan: a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, 1991, a cikinta ne aka fitar da kundin farko na Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin wadda kowace na'ura za ta gane. Haruffan Hausa suna ciki tun daga farkon tafiyar, manya da ƙanana. Ƙaramar ƙ lambarta 0199, ɓ tana 0253, ɗ tana 0257. Wayar hannu mafi araha da ke aiki da Android a kasuwar Kazaure za ta iya rubuta su. A allon madannai na Gboard, in an zaɓi Hausa, ba su fi taɓawa ɗaya ko dannawa a riƙe ba. Windows ma yana da tsarin madannai na Hausa. Wato shekara fiye da talatin ke nan haruffan suna zaune a cikin na'ura suna jiran a kira su.

To me ya hana?

A leƙa kowane shagon kwamfuta a lokacin rububin bukukuwa bayan an kawar da amfanin gona. Mutum ya zo da rubutunsa a takarda, ya rubuta ɗaurin aure da ƙugiyarsa. Yaron shago ya buɗe CorelDRAW, ya zaɓi wani zubin haruffa mai kwalliya, abin da masu sana'ar ke kira font, mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki. Ya liƙa rubutun. Nan take wurin ɗ ya zama ɗan akwati fanko, ko kuma harafin ya fito daga wani zubin daban, siriri, ya ɗan nutse ƙasa da layi, ya tsaya tsakanin 'yan'uwansa kamar baƙo a gidan biki. Yaro ya dube shi, ya goge, ya danna d. In mai katin ya ce, Malam ina ƙugiyar, amsar a shirye take: wallahi wannan font ɗin ba ya ɗauka, amma ai za a gane. Layi ya yi tsawo, injin janareta na shan mai, sai a buga. Abin da ke faruwa da katin biki shi ke faruwa da allon kwangilar miliyoyin naira, domin sau da yawa hannu ɗaya ne ke tsara su.

Yaron bai yi ƙarya ba. Yawancin masu zana haruffa a Turai da Amurka suna zana abin da kasuwarsu ke bukata ne su tsaya. Ƙari a kan haka, a kundin Unicode ba a waje guda haruffan Hausa suke ba: ƙananan ɓ da ɗ suna sashen alamomin masana furuci, ƙ da manyan haruffan suna wani sashen. Shi ya sa ake samun zubin da ke da wani ba shi da wani. Amma akwai waɗanda suka cika, kuma kyauta ne: Noto na kamfanin Google, da Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL. Andika ma musamman don masu koyon karatu aka zana shi, an bambanta haruffan da kan rikita yara. Abin da yaron shago ya rasa shi ne wanda zai nuna masa su, da kuma wanda zai ƙi karɓar aiki in babu su.

A shafukan intanet matsalar takan ɗauki wata kama. Mai gina shafi yana son ya riƙa buɗewa da sauri, sai ya rage nauyin zubin haruffa ya bar na Turanci kaɗai; da an sa labari da Hausa sai kanun ya fito da haruffa masu tsalle. Wani ya matse tazarar layi har kan ƙugiya ya guntule. Wani ya ƙanƙanta rubutu, alhali a fuskar ƙaramar waya, a tsakar rana, bambancin k da ƙ bai wuce ɗigo biyu ko uku ba. Mafi muni shi ne al'adar ɗaukar hoton takardar sanarwa a manna ta haka nan. Hoto yana cin data, ba a iya neman kalma a cikinsa, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ba ta ganinsa, kuma manomin da ke Gwiwa inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa zai gaji da jira ya rufe. Sanarwar rabon taki ko ta ɗaukar ma'aikata in an rubuta ta a matsayin rubutu, da Hausa daidai, ba ta kai nauyin hoto ɗaya ba ko kusa.

Akwai kuma wani sirri da ya kamata duk mai gina rumbun bayanai da Hausa ya sani. Harafin é na Faransanci, a wurin na'ura e ne da aka ɗora wa alama, don haka manhajar bincike tana iya sauke alamar ta haɗa su. Ita ƙ ba haka take ba. Harafi ne mai zaman kansa, ba shi da dangantaka da k sai in an koya wa manhajar. Saboda haka ɗakin karatun da rabin katalog ɗinsa ya rubuta waƙa rabi ya rubuta waka, ya raba littattafansa gida biyu ba tare da ya sani ba. Gyaran ba shi da wuya: a adana kowane suna da cikakkiyar ƙa'idarsa, sannan a saita binciken ya ɗauki k da ƙ, da 'y da ƴ, a matsayin abokan juna. Wannan na ƙarshe zai ƙara muhimmanci in layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Kazaure da Daura, ya fara kawo masu karatu daga tsallaken iyaka.

Duk wannan boko ne. Mai wannan wasiƙa yana roƙon Gwamna ya ƙara haƙuri, domin rabin dukiyar rubutun wannan yanki da ajami da Larabci take.

Masarautar Kazaure ta kafu ne tun zamanin Ɗantunku, wajen 1819, kuma kamar sauran masarautun daular Usmaniyya, da alƙalami aka tafiyar da ita: wasiƙu tsakanin sarakuna, hukuncin alƙalai, lissafin gado, waƙoƙin wa'azi, littattafan fiƙihu da ɗalibai suka kwafa da hannu. Har yau a gidajen malamai na Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da maƙwabtansu na Ɓaɓura a masarautar Ringim, ba a rasa gafaka rataye ko adaka a ƙuryar ɗaki. In aka kwance igiyar fatar aka buɗe, sai a ga warƙoƙi ba ɗinki, gefensu ya yi ja saboda tsufa. Baƙar tawada ta jikin matani, jar tawada ta wasulla. Fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda ruwayar Warshu ta gada. A ƙasan shafi marubuci ya ajiye kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, don kada warƙoƙi su rikice. A gefe kuma wani malami, wataƙila kakan mai gidan, ya yi ƙananan bayanai da Hausa cikin ajami. In aka ɗaga takardar aka haska ta da rana, wani lokaci a ga tambarin jinjirin wata uku, shaidar takardar da fatake suka riƙa kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara. Sannan a tsakiyar tarin a tarar da hanyar da gara ta bi ta cinye layi biyar.

Gara, yoyon ɗaki, gobara, ambaliya irin wadda Jigawa ta gani a 2022, da rabon gado inda magada ke kasa littafi ɗaya kashi-kashi: waɗannan su ke cin tarihin yankin a kowace shekara ba tare da an ji labari ba. Na Timbuktu an ji shi ne saboda da rana tsaka aka yi, lokacin da 'yan bindiga suka cinna wa cibiyar Ahmed Baba wuta a Janairun 2013, aka rasa rubuce-rubuce kimanin 4,000, ko da yake mutanen gari sun riga sun fitar da mafi yawan taskar zuwa Bamako a ɓoye.

Wasu sun riga sun nuna yadda ake yi. Jami'ar Boston ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom, ta kafa taskar ajamin Afirka a intanet, kuma akwai rubuce-rubucen Hausa a ciki da Dokta Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero ya yi aikin tattarawa. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, wanda ya ɗauki hotunan takardu a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ƙa'idar shirin ita ce asalin takarda ya zauna a ƙasarsa, hoto kawai ake ɗauka. Littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, sama da guda 3,000, suna Jami'ar Northwestern kusa da Chicago. A gida kuma akwai Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Ɗalibin 'Yankwashi da ke son tarihin garinsu yau sai ya nemi kuɗin mota zuwa Kaduna, domin fayilolin zamanin da Kazaure ke ƙarƙashin lardin Kano suna can.

Shi ma ajamin yanzu ya samu shiga na'ura. Shekara da shekaru maɗaba'un Kano ba su yarda da haruffan Larabci na gabas ba, domin almajirin tsangaya bai saba da su ba. Sai su sa gwanin marubuci irin su Sharu Bala Gabari ya rubuta da hannu, a ɗauki hoton rubutun a buga. Yanzu SIL ta fitar da zubin Harmattan, da kuma Alkalami wanda aka zana shi a kan salon rubutun Kano mai kauri, dukansu kyauta. A 2016 Unicode ya ƙara fa da ƙaf da nun irin na wannan yanki. Ma'ana, ana iya buga sanarwar rigakafi ko ta rajistar manoma da ajamin da mutanen tsangaya suka saba gani, a kuma rubuta katalog ɗin taska da shi.

Ga abin da mai wannan wasiƙa ke roƙo, a taƙaice.

Na farko, takardar umarni guda ɗaya daga ofishin Sakataren Gwamnati: duk rubutun Hausa da za a biya da kuɗin jiha, littafin makaranta ne, fasta ce, allon aiki ne ko shafin intanet, a yi shi da haruffan Unicode da cikakkiyar ƙa'ida. A sa wannan a matsayin sharaɗi a takardar kwangila, kuma kada a sa hannu a takardar biya sai wanda ya karanci Hausa ya duba. Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ba za su rasa waɗanda za su yi wannan duba ba. Ɗan kwangilar da aka mayar wa allo sau ɗaya, shi da kansa zai koya wa mai tsara masa aiki.

Na biyu, jagora na shafi biyu: sunayen zubin haruffan da aka amince da su, mafi ƙanƙantar girman rubutu, tazarar layi, yadda ake rubuta alamar 'y ba tare da manhaja ta juya ta baibai ba, da yadda ake saita madannan Hausa. A raba shi ga ma'aikatu, a kuma tara masu shagunan kwamfuta da masu buga bana na kowace masarauta a yi musu bitar yini ɗaya, a ba su zubin a filashi su tafi da shi.

Na uku, a ceto tsofaffin fayiloli. Mayar da } zuwa ƙ da ] zuwa ɗ aiki ne da ɗalibin kwamfuta zai rubuta wa 'yar manhaja a mako guda. Haka nan tsofaffin littattafai da jaridun da za a ɗauka da sikana: manhajar da ke mayar da hoto rubutu, in da Turanci aka horar da ita, takan sauke ƙugiya ko ta canza harafin gaba ɗaya, don haka dole a horar da ita da Hausa, mutum kuma ya bi baya ya gyara.

Na huɗu, taskar rubuce-rubucen Jigawa a intanet, a fara gwaji da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure. Wannan ba zai yiwu ba sai da albarkar Mai Martaba Sarkin Kazaure, Alhaji Najib Hussaini Adamu, da hakimai da limamai, domin babu malamin da zai buɗe adakar kakansa don wani ya zo da katin shaida daga Dutse. A je gida a ɗauki hoton a gaban mai shi, kada takarda ko ɗaya ta bar zaure. A ɗauki kowane shafi gaba da baya, da ma'auni a gefe, har da bango da gafaka. A ba mai littafi kwafinsa, a rubuta sunan gidansu a katalog in ya yarda, kuma shi zai faɗi abin da za a buɗe wa duniya da abin da za a rufe, tunda akwai laƙani da sirrin gida da ba na kowa ba ne. A ajiye kwafi a wuri uku: Dutse, Kazaure, da wani wuri a wajen jiha. Ko babban ɗakin karatu na Birtaniya, da duk ƙarfinsa, masu kutse sun durƙusar da katalog ɗinsa da taskarsa ta intanet a Oktoban 2023, aka kwashe watanni ana fama.

Na biyar, hukumar ɗakunan karatu da ta tarihi da al'adu ta jiha su rubuta wa Kaduna da Boston da Landan su nemi kwafin duk abin da ya shafi masarautun Jigawa biyar, a haɗa da na gida.

Mai Girma Gwamna akanta ne, ya riƙe ma'aikatar kuɗi kafin ya zama mataimakin gwamna, don haka tambayarsa ta farko za ta kasance nawa ne. Bukata ta ɗaya da ta biyu kusan kuɗin takarda da shayin bita ne kawai, tunda haruffan kyauta ne. Ta uku aikin kammala karatu ne ga ɗalibai. Ta huɗu ce ke son kyamarori, da fitilu, da na'urorin ajiya, da alawus ɗin ma'aikata da abin hawa, kuma irin aikin da masu ba da tallafi na waje suka saba sa hannu a kai ne in sun ga gwamnati ta fara. Ma'aikatan ma ba sai an yi hayarsu daga nesa ba. A Kazaure akwai cibiyar koyar da fasahar sadarwa da gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa a 2001, wadda aka fi sani da Informatics, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. Da wuya a sami wani lungu a Arewa da ya tara makarantun fasaha uku kusa da juna haka, a kewaye da tsangayu da gidajen malamai. A haɗa ɗalibin kwamfuta ɗaya da alaramma ɗaya a kowace tawaga: wannan ya riƙe kyamara, wancan ya karanta abin da ke shafin ya faɗi sunan littafin.

Ranar 26 ga Agusta ake bikin Ranar Hausa ta Duniya, washegari 27 ga wata kuma ranar da aka ƙirƙiro Jigawa. Mai wannan wasiƙa yana roƙon a sa hannu a takardar umarnin kafin waɗannan ranaku biyu masu zuwa, a kuma ƙaddamar da tawagar farko ta ɗaukar hoto a lokacin. In ana neman inda za a fara, allon sakatariyar ƙaramar hukumar 'Yankwashi da gidajen malamai goma na farko da Hakimi zai nuna sun isa gwaji.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba Jihar Jigawa lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Daga wani ɗan masarautar Kazaure,
'Yankwashi, Jihar Jigawa.